Turmi, Taɓarya da Fuskar Waya: Sharhi Kan Gem ɗin A Dance of Fire and Ice

Mai karatu, in ka taɓa kwana a Ajingi, ko Balare, ko Toranke, ko wani gari na ƙasar Gaya ana gobe biki, ka san sautin da nake so mu fara da shi. Mata uku, turmi ɗaya, taɓare uku. Wannan tana saukewa, waccan tana ɗagawa, ta ukun tana kan hanya. Can sai ɗaya ta cilla taɓaryarta sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta sauke ta daidai gurbin da aka bar mata. Ba wanda ya ƙirga musu, ba agogo a gabansu, kuma ba ka jin wata taɓarya ta gwabza da 'yar'uwarta. Lugude kenan.

Bari mu sa masa lissafi. A ƙaddara kowace mace tana sauke taɓarya sau ɗaya cikin sakan 1.2. Tunda su uku ne, tsakanin bugu da bugu sakan 0.4 ne kacal, wato milisakan 400 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan). Ita kuwa taɓaryar da aka cilla, in ta tashi santimita 30, dokar faɗuwar abubuwa ta ce za ta yi kusan rabin sakan kafin ta dawo inda aka sake ta. Da zarar ta bar hannu ba sauran gyara. Dole mai dakan ta san lokacin da gurbinta zai zo tun kafin ya zo.

Wannan baiwa ta sanin lokaci kafin ya zo ita ce jarin wani rukuni na wasannin kwamfuta da waya, wato gem ɗin bin kiɗa. Yau zan yi maka sharhin ɗaya daga cikin mafi kyawunsu, A Dance of Fire and Ice. Zan faɗa maka ra'ayina tun yanzu don kada ka ce na ɓoye: gem ne mai basira ƙwarai, ya fahimci rabin abin da matan nan suke yi, ya bar ɗaya rabin a waje. Kuma rabin da ya bari shi ne wanda ya fi shafar ɗanmu na Gaya ko Ajingi da ke koyon rubuta manhaja, yake mafarkin sa kiɗanmu cikin waya.

Wa ya yi shi, kuma yaya ake buga shi?

Irin wannan wasa a Japan ya girma. PaRappa the Rapper ya fito a 1996, Beatmania na kamfanin Konami a 1997, Dance Dance Revolution a 1998, Taiko no Tatsujin mai ganga a 2001. A 2005 Guitar Hero ya fito a Amurka da garayarsa ta roba. Kusan duk tsarinsu ɗaya ne: alamomi suna gangarowa ko suna tahowa daga gefe, kai kuma ka danna daidai lokacin da suka iso wani layi.

Hafiz Azman ɗan Maleshiya ne. Yana ɗalibin injiniya a Jami'ar Kambirij da ke Ingila ya fara gina wani gem mai suna Rhythm Doctor tare da abokinsa mai zane, Winston Lee, kuma aikin ya shiga sahun ayyukan ɗalibai da aka baje a bikin masu gem masu zaman kansu na IGF a 2014. A shekarar dai ya gwada wata dabara a gasar Ludum Dare, inda ake ba mutum kwana biyu ko uku ya gina gem daga farko har ƙarshe. Dabarar ce ta girma ta zama A Dance of Fire and Ice, wanda ɗan ƙaramin kamfaninsu, 7th Beat Games, ya fitar a 2019. Ana samun sa a kwamfuta, ana samun sa a wayar Android da iPhone.

Ga yadda yake. Duniyoyi biyu ne ƙanana, ɗaya ja ta wuta, ɗaya shuɗiya ta ƙanƙara. Ɗaya tana zaune a kan wani gurbi, ɗayar tana kewaya ta. A gabansu akwai hanya da aka jera da gurabe. Idan mai kewayawa ta zo daidai kan gurbi na gaba, sai ka taɓa fuskar waya. Nan take sai ta zauna, waccan ta tashi ta kama kewaya. Haka za su yi ta karɓa-karɓa har ƙarshen hanya. Maɓalli ɗaya ne tak. In ka kuskure, duniyar ta tarwatse, ka koma baya.

Abin da ya yi daidai

Basirar gem ɗin ita ce ya mai da lokaci kusurwa. Gudun kewayawar ba ya canzawa sai an ba ka alama (hoton zomo in za a ƙara sauri, dodon-koɗi in za a rage). Saboda haka tsawon jiran da za ka yi ya dogara ne kacokan ga yawan digirin da duniyar za ta ci kafin ta iso gurbi. In hanya miƙaƙƙiya ce, rabin da'ira za ta yi, digiri 180, wannan shi ne bugu ɗaya. In hanya ta yi kwana irin ta kusurwar ɗaki, ko dai digiri 90, rabin bugu, ko 270, bugu ɗaya da rabi, gwargwadon ɓangaren da aka karya. In ta yi siffar alwatika mai gefe uku daidai, digiri 60, sulusin bugu kenan. Ka ga ba sai ka iya karanta rubutun kiɗa na Turawa ba. Siffar hanyar ita ce rubutun. Bayan ɗan lokaci za ka hango murabba'i daga nesa, yatsanka ya riga ya san sau nawa zai yi sauri.

Me ya sa wannan yake aiki? Abu biyu ne daga binciken yadda jiki ke bin sauti.

Na farko, bin kiɗa hasashe ne. In aka ce ka danna da zarar ka ji ƙara wadda ba ka san lokacin zuwanta ba, mutum mai lafiya yakan ɗauki kimanin milisakan 150, in kuwa haske ne yakan kusanci 200. Amma in aka kunna maka ƙara mai zuwa a kai a kai, aka ce ka bi ta da yatsa, sai a ga kana ma riga ta da 'yan gomomin milisakan, kai kuma kana jin kun zo tare. Masu bincike sun lura da wannan rigaye fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma Bruno Repp ya tattara abin da aka gano a kai cikin wani dogon nazari a 2005. Makaɗa ma suna yi, sai dai nasu ya fi ƙanƙanta. Wanda yake riga ƙara ai ba jiran ta yake yi ba, ya riga ya ƙiyasta ta. Gem ɗin Azman yana shimfiɗa maka hanyar tun daga nesa, wato yana ba ƙwaƙwalwarka abin da za ta yi ƙiyasi da shi.

Na biyu, ido ba shi da kyau wajen bin haske mai ƙyaftawa. Mutum yana iya bin ƙara mai sauri sosai, amma fitila mai kunnawa tana mutuwa takan kuɓuce masa da zarar tazarar ta yi ƙasa da kamar rabin sakan. Sai dai gwaje-gwajen da Michael Hove da John Iversen da abokan aikinsu suka yi sun nuna cewa in abu mai motsi ne, kamar ƙwallo mai tsalle a ƙasa, ido yakan kusan kamo kunne. Duniya mai kewayawa irin wannan abu ne: ba ta ɓacewa, kullum kana ganin saura nawa. Taɓarya ma haka take. Mai lugude tana ganin hannun 'yar'uwarta tun yana sama.

A nan dole a sara wa mai aikin. Ya ɗauki abu ɗaya ya tace shi, bai cika sikirin da tarkace ba. Duk wanda ke koyar da lissafin kusurwa a sakandare zai iya aron wannan dabara gobe da safe.

Matsala ta farko: agogon alƙali

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Gem ɗin bin kiɗa alƙali ne, yana yanke hukunci da milisakan. A osu!, wani gem na wannan rukuni da Dean Herbert ya fara a 2007, tagar samun cikakken maki tana kamawa daga milisakan 80 kowane gefe a mafi sauƙi zuwa 20 a mafi tsanani. A Dance of Fire and Ice shi ma bayan kowane taɓi yakan faɗa maka ko ka yi wuri, ko ka makara, ko ka dace. Tambayar ita ce: da wane agogo?

Tsakanin lokacin da manhaja ta ce a fitar da sauti da lokacin da ya shiga kunnenka akwai jinkiri. Tsakanin saukar yatsanka da lokacin da manhaja ta sani akwai wani jinkirin. Sikirin mai sabunta hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar milisakan 16.7 kan kowane hoto. Kamfanin Google da kansa ya bayyana a 2021 cewa matsakaicin jinkirin sauti, shiga da fita, a wayoyin Android da aka fi amfani da su ya sauko daga milisakan 109 a 2017 zuwa ƙasa da 40. An ci gaba, amma matsakaici ne fa, kuma tsohuwar waya ba ta san an ci gaba ba. In ka ɗora iyafis na Bluetooth a kai, sau da yawa ka ƙara fiye da milisakan 100.

Mu mayar da shi yaren gem ɗin. A gudun bugu 120 a minti, bugu ɗaya milisakan 500 ne, kuma shi ne digiri 180. Jinkirin milisakan 100 kenan ya ci digiri 36. In gudun ya kai 200 a minti, bugu ya koma milisakan 300, jinkirin nan ya zama digiri 60 cur, sulusin bugu. Kunnenka yana ce maka yanzu, idonka yana ce maka an wuce. Wanne za ka bi?

A yi adalci, gem ɗin yana da wurin saita wannan jinkiri, kamar yadda kusan duk 'yan'uwansa suke da shi. Amma ka tuna rigayen da muka ambata. Duk saitin da ya dogara ga ka bi ƙara da yatsa, abu biyu yake aunawa a cakuɗe: jinkirin na'ura da rigayenka. Rigayen kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan ragu in kiɗa ne mai cikar sauti maimakon ƙara tsura. Jinkirin Bluetooth ma yakan ɗan sauya daga haɗi zuwa haɗi. Ga shi kuma hukuncin gem ɗin mai tsanani ne, kuskure ɗaya ka koma baya. Sakamakon shi ne yaron da ke riƙe da waya ta hannu da aka saya a kasuwar Farm Centre zai iya fin mai babbar waya kunne, amma sikirin ya yi ta ce masa ya makara. Shi kuwa ba zai zargi waya ba, kansa zai zarga. Wannan ita ce illar da ta fi damuna, don ba a ganin ta.

Akwai wanda ya bi wata hanya. Ryan Clark na Kanada, mai Crypt of the NecroDancer da ya fito a 2015, ya buɗe tagar hukunci sosai, ya mai da wahalar gem ɗin ga tunanin inda za ka taka. Wannan zaɓi ya fi yi wa mai ƙaramar waya adalci.

Matsala ta biyu: abokin da ba ya jin ka

A ce an magance jinkiri gaba ɗaya. Saura babbar. Mu koma bakin turmi. In ɗaya daga cikin matan ta ɗan makara, me zai faru? Ta biye da ita za ta ɗan jinkirta, ta ukun ta ɗan rage nata jinkirin, kafin zagaye biyu komai ya koma daidai, ba wanda ya ji. Kuskuren ya rabu gida uku ya narke. A cikin gem ɗin kuwa waƙar an riga an ɗauke ta, tana tafiya ko kana nan ko ba ka nan. Duk gyara a kanka yake.

An auna wannan a ɗakin gwaji. A 2010 Ivana Konvalinka da abokan aikinta a Danmak sun sa mutane bibbiyu suna bugu da yatsa suna jin juna. Sun tarar ba a samun shugaba da mabiyi yadda ake zato: kowa yana gyara bugunsa na gaba bisa abin da ɗayan ya yi yanzu. A Mali kuma, Nori Jacoby da Rainer Polak da Justin London sun nazarci makaɗan jembe na Bamako, suka buga sakamakon a 2021. Sun nuna daidaiton ƙungiyar yana fitowa ne daga yadda suke bin juna, kowa gwargwadon matsayinsa, har shi mai jan kiɗan yana jingina da masu riƙe masa ƙasa. Ƙwarewar makaɗi kenan ta haɗa da iya ɗaukar kuskuren wani. A Dance of Fire and Ice ba ya gwada wannan ko kaɗan, ba ya kuma koyar da shi.

Sai maganar raba bugu. Kusurwoyin da za ka fi cin karo da su a hanyoyin gem ɗin, irin su 90 da 60 da 120, suna raba bugu ne gida biyu ko uku ko huɗu daidai wa daida. Haka manhajojin situdiyo suke yi, haka kiɗan fiyano da ya cika waƙoƙin finafinanmu yake fita. Amma Polak, wanda ya daɗe yana koyon jembe a Bamako, ya auna ya ga a wasu kaɗe-kaɗen Mali ba a raba bugu daidai: wani yanki gajere ne, wani ya fi shi tsawo, kuma makaɗan suna maimaita wannan rashin daidaiton ba kuskure. A binciken da suka buga a 2016 sun nuna ƙungiyar da ke kaɗa irin wannan ba ta gaza mai raba daidai ba wajen haɗuwar hannu. A 2024 kuma Jacoby da tawaga mai yawa sun gwada rukunin mutane 39 a ƙasashe 15. Kowa ya karkata ga rabo mai sauƙi, amma wane rabo ne ya fi ƙarfi ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, gwargwadon kiɗan da suka saba ji. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗaliban jami'a a ƙasashe daban-daban sun fi kama da juna, da kuma masu sauraro na Yamma, fiye da yadda suka yi kama da makaɗan gargajiya na ƙasashensu.

Ka lura, binciken jembe na Mali ne, kada ka ɗauke shi ka jibga wa kalangu ko gangar noma. Darasin shi ne a auna kafin a ja layi. In ɗalibinmu ya ɗauki lugude ko kiɗan gayya ya zuba a manhaja, ya danna abin da ke jawo kowane bugu zuwa layi mafi kusa, duk wata 'yar karkata da ta ba kiɗan ɗanɗanonsa ta tafi. Daga nan gem ɗinsa zai ba yaron da ya bi na'ura maki, ya ce wa wanda ya buga yadda kakarsa ke yi ya kuskure. Ka ga an yi ba a yi ba.

Abin ban sha'awa, dabarar Azman ta fi ta magabatansa iya ɗaukar maganin. Kusurwa ai ba ta san layi ba. In aka auna aka ga ana raba bugu kashi 4 da kashi 3, sai a zana kwana mai digiri 103 da wata mai 77. Kayan aikin yana hannunsa, waƙoƙin da aka gina gem ɗin a kansu ne ba su nemi hakan ba.

Matsala ta uku: ganga mai magana

Maɓalli ɗaya tambaya ɗaya yake iya yi maka: yaushe? Kalangu kuwa tambaya biyu yake amsawa a kowane bugu, yaushe da kuma da wace murya. Makaɗi yana rataye shi a hammata, in ya matse igiyoyin fatar da ke jikinsa sai fatar bakin ta ɗaure, sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti. Faɗi "wuya" na jiki, sannan ka faɗi "wuya" ta wahala. Na farko murya ta fara sama ta sauko, na biyu ta fara ƙasa ta hau. Ga kuma gaɓa mai nauyi da marar nauyi, wadda Russell Schuh ya daɗe yana nuna cewa a kanta karin waƙar Hausa yake tsaye. Da waɗannan biyun, hawa da sauka da tsawon gaɓa, kalangu yake kiran taken mahauci ko ɗan dambe, mai shi ya ji daga bayan fage ya san da shi ake. A ƙasar Yarabawa, Cecilia Durojaye da abokan aikinta sun auna dundun, ɗan'uwan kalangu, a 2021, suka nuna yadda hawa da saukar sautinsa ke bin na magana sau da ƙafa.

In ka cire murya daga take, ka bar lokaci kawai, ka cire maganar. Taiko no Tatsujin aƙalla yana bambanta bugun tsakiyar ganga da na gefenta. A Dance of Fire and Ice ba ya bambanta komai, duk taɓi ɗaya ne. Ba zan kira wannan laifi ba, don bai taɓa cewa zai koyar da kalangu ba. Iyaka ce, kuma ya kamata mai son kwaikwayonsa ya san tana nan.

Wani zai ce ai ina auna shi da mudun da ba nasa ba: mutane kaɗan ne suka yi shi, kuma ƙarfinsa yana cikin abin da ya ƙi ɗauka. Gaskiya ne. Da sun ce sai sun haɗa komai, da wataƙila ba su gama ba. Abin da nake ja da shi shi ne fahimtar da mai wasa ke tashi da ita, cewa kalmar yabo da sikirin ke nuna masa ita ce ma'aunin iya kiɗa. Abin da take aunawa shi ne iya bin agogon da ba ya lanƙwasa, a kan wata waya, ta wani iyafis. Fasaha ce ta gaske, amma ɗaki ɗaya ce a cikin gida.

Ga mai son ginawa a nan

In kai ne ɗalibin, ko kana Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko kana koyo da kanka da datar dare, ga abin da zan ce maka.

Fara da kunne kafin kwamfuta. Nemi izini ka ɗauki sautin lugude da wayarka, ka buɗe shi a Audacity, manhaja ce ta kyauta. Kowane bugu zai fito kamar tsini. Auna tazarar tsini ɗari, ka rubuta, ka ga da idonka yadda ake rabon. Ka ajiye wayar kusa da turmi, kuma kusan tazara ɗaya daga kowa in makaɗa ne da yawa, don sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita. Waɗanda ka ɗauka kuma masu haƙƙi ne, a faɗa musu abin da za a yi da shi, a biya su, a sa sunansu in sun yarda.

Ka sa na'urar ta riƙa jin mai wasa. Ba sabon abu ba ne: a 2008 Repp da Peter Keller sun gwada kwamfuta mai gyara bugunta da wani kaso na kuskuren mutum, kuma an ga gyara matsakaici yana taimaka wa haɗuwar hannu, in ya yi yawa kuma sai ya rikita. Lissafin bai fi layi kaɗan ba. Abokiyar dakanka ta cikin waya ta matsa da kamar rubu'in kuskurenka, mataki na tafiya tana rage sassauci. Ka ga wahala ta samu ma'auni na biyu ban da sauri.

Ka yi tunanin mutum biyu a waya ɗaya, kowa da gefensa. In abin da kake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin taɓinsu, jinkirin sikirin ya zama ɗaya a kansu, ya fita daga lissafi. Hukunci kuma ya zama na turmi: an faɗi ne in taɓare sun haɗu.

In kalangu kake so, hannu biyu ne: babban yatsan hagu yana ja sama da ƙasa a madadin matse igiya, na dama yana bugu. A nan jinkiri zai fi cizo, tunda wayar ce ke fitar da sautin bayan ka taɓa, don haka ka nemi ɗakin karatun manhaja na Oboe da Google ya yi don rage shi. Ka riƙa ƙirga lokaci da agogon sauti, kada ka dogara da ƙirgen hotuna, in ba haka ba waƙa da hoto za su rabu a hanya. Sannan ka yi gwajinka a waya mafi rauni da za ka iya ara a unguwa. In ya yi daidai a kanta, sauran masu sauƙi ne.

Kayan matakai kuwa ba sai ka je nesa ba. Akwai sussuka da surfe da daka, kowanne da nauyin hannunsa. Akwai gangar noma da ke jan fartanya a gayya. Akwai gaɗa da tafin 'yanmata. Akwai maƙera, inda masaba biyu ke sauka bi da bi a kan jan ƙarfe, ga dundufa da aka san su da ita. Ƙasar Gaya ma ai ba baƙuwar ƙira ba ce, tunda tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka je gindin Dala neman tama.

Hukuncina dai shi ne: in kana da hali ka sayi A Dance of Fire and Ice, ka buga shi da iyafis mai waya ko da lasifikar wayar, ka yi saitin jinkiri kafin ka fara. Za ka ƙaru da abu mai yawa game da yadda ake mai da lokaci abin gani, kuma za ka ga abin da mutum ɗaya da 'yan abokansa za su iya yi da dabara ɗaya tak. In ya ce ka makara sau goma a jere, ka duba wayar kafin ka zargi kunnenka. Ranar da aka sake yin biki a gidanku kuma, ka tsaya kusa da turmi na minti biyar, ka ƙirga sau nawa wata ta ɗan kauce, da kuma yadda sauran suka karɓe ta.